Mai Askin da Ya Fi Sanin Ƙeya

Ana ce masa Mutumina, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Duk wanda ya ɗaga labulen shagonsa na aski, da mai zuwa kullum da wanda ruwan sama ne ya koro shi, tarba ɗaya ce: "Mutumina, ina ka shige? Zauna, zauna." Unguwa ta yi ittifaƙi cewa ba a taɓa yin mai faran-faran da jama'a irinsa ba. Gaskiyar maganar kuwa, ba son mutane ne ya yi masa yawa ba. Bai san wanda ya shigo ba ne.

Idonsa garau yake, ko zare zai zura a allura da magariba. Hanci yana ganinsa, baki yana ganinsa, amma su haɗu su zama fuskar wane, nan abin yake gagara. Da ka juya, fuskarka ta goge masa kamar rubutun alli. Tun yana yaro haka yake. Ya taɓa kama zanen wata mata a kasuwa ya bi ta har ƙofar gidanta da zaton mahaifiyarsa ce, aka dawo da shi aka zane shi, wai shashanci ne. Daga ranar ya koyi kama bakinsa. Wani likita da yake aski a wurinsa ya taɓa faɗa masa cikin hira cewa akwai masu irin wannan lalurar, makantar fuska, kuma ba ta da magani. Mutumina ya ce, "Allah sarki, Allah ya ba su lafiya," ya ci gaba da gyara wa likitan saje.

Da Allah ya tashi rufa masa asiri, sai ya ba shi sana'ar da ake tsayawa a bayan mutum. Ƙeya ba ta taɓa ɓace masa. Ya san mai kunne ɗaya a karkace, ya san mai wuya ninki biyu, ya san wanda sanƙo ya fara ci ta tsakiya shi bai sani ba. Saboda haka sai ya cika mutum da surutu har ya zauna, ya yafa masa ƙyalle, ya cire masa hula, ya zagaya baya. Sannan ne za ka ji, "Mai gyaran rediyo, ya jikin tsohuwa?" kamar tun daga ƙofa ya gane shi.

Matarsa kaɗai ta san sirrin. Ta gano ne suna sababbin aure, ranar da ta yafa sabon mayafi ta tare shi a bakin titi, ya gaishe ta cikin ladabi ya tambaye ta gidan wa take nema. Ba ta tona shi ba, amma ba ta bar abin ya tafi a banza ba. Har gobe, in suka yi faɗa da safe ya fita bai kula ta ba, sai ta ari mayafin maƙwabciya ta bi ta ƙofar shagon, ta karɓi gaisuwarta cikakkiya, har da tambayar mutanen gida, ta dawo tana dariya.

Amma akwai wanda abin bai ba shi dariya ba, shi ne Auta, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Direban motar haya ne. Shekarun baya motarsa ta ƙone, aiki ya tsaya, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Wata rana ya hangi yayansa a bakin tasha yana tafe da wasu manyan mutane masu aski a wurinsa. Ya matso ya miƙa hannu don su gaisa. Mutumina ya dubi mutum cikin koɗaɗɗiyar riga da hannu a miƙe, ya laluba aljihu, ya ɗora masa 'yan canji a tafin hannu, ya ce Allah ya buɗa, ya wuce.

Auta ya dunƙule canjin ya juya. Da yamma ya kawo wa matar yayansa canjin, ya ce ta mayar wa mai su, kuma daga ranar ƙafarsa ba ta sake taka gidan ba.

Da matar ta faɗa masa wanda ya yi wa sadakar, abin ya ci Mutumina ƙwarai, don yana son yaron nan kamar ransa. Matarsa ta yi ta fama da shi ya je ya faɗi gaskiya, shi kuwa ya ce, "In ce masa me? Ban gane ɗan'uwana da rana tsaka ba? Wa zai yarda?" Kunyar a ce yana da lalura ta fi masa ciwo a kan a ce ya yi wulaƙanci, kuma wannan wauta ce, ko shi ya sani. Haka aka yi ta tafiya. Auta ya samu wata motar, ya yi ƙiba, ya haifi 'ya'yan da ba su san hanyar gidan baffansu ba.

Rannan da hantsi, shago ba kowa, wani mai tumbi ya ɗaga labule ya tsaya, bai yi sallama ba.

"Mutumina, ina ka shige?" in ji mai aski. "Zauna, zauna."

Mutumin ya tsura masa ido, ya daɗe, sannan ya zauna. Mutumina ya yafa masa ƙyalle, ya cire hular, ya zagaya baya. A bayan kunnen hagu akwai tabo mai kamar lauje, inda gashi ba ya fitowa. Shi ya yi wannan tabon, ranar da ya goya Auta a keken babansu suka faɗa kwata tare.

Ya buɗe baki zai ce Auta, sai ya rufe. Wani tunanin shaƙiyanci ya zo masa, ya kunna injin aski ya fara daga gefen dama, ƙwal, har fata.

"Mutumina, kai ba ka magana ne?" ya ce. "Sai ka tuna mini da wani ƙanena. Taurin kai kamar jaki. Tun yana ƙarami, in ya yi fushi sai ya ƙi cin abinci, amma in an juya baya ya lashe kwanon."

Kunnuwan mutumin suka motsa. Mutumina ya gani, ya ci gaba. Ashe faɗa wa ƙeya magana ya fi sauƙi. Ya ba ta labarin matar kasuwa, da na mayafin maƙwabciya, da abin da likita ya ce, da ranar tasha. Ya ce, "Wallahi da na san shi ne, da rigar jikina zan cire in ba shi. Ko fuskata in aka nuna mini a hoto ba na ganewa, balle tasa da ya ɓoye a cikin gemu kamar mai gudun 'yan sanda."

Ya kashe injin. Rabin kan fes, rabin kuma daji.

"To, Auta," ya ce, "ko ka yafe mini, ko ka fita titi a haka."

Auta ya dubi kansa a madubi. Ya so ya ci gaba da haɗe rai, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin ta a baya.

"Matarka ce ta zo ta same ni," ya ce. "Ta ce in shigo kada in yi magana, in ka gane ni a ƙofa to ita maƙaryaciya ce. Yaya, na tsaya a gabanka kana kallon cikin idona kana ce mini mutumina. Me ya hana ka faɗa mini tun tuni?"

"Kunya."

"Kunyar ta cinye mana shekaru."

Mutumina ya kunna injin ya ƙarasa askin a hankali, ya daɗe a wajen tabon fiye da yadda aikin yake buƙata.

Yanzu in kana unguwar za ka ga abin mamaki. Duk inda Auta ya hangi yayansa, a tasha ko a kasuwa, sai ya sha gabansa, ya cire hula, ya juya masa baya. Masu gulma suna cewa gabar ta yi tsanani, yaron ko kallon ɗan'uwansa ba ya son yi. Ba sa tsayawa su ga Mutumina ya ɗora yatsa a bayan kunnen hagu ya kira shi Auta, alhali duk garin ba wanda yake ganewa a kan titi sai shi.