Tashar da Tanimu Ya Kira Gida

Shekara shida ke nan da muka rufe Injiniya Tanimu a nan Riyad. Na zauna in rubuta masa wani abu, na lalubi zuciyata, wallahi shiru. Ba kuka, ba komai. Wata mai zuwa kwantiragina na asibiti zai ƙare, an riga an buga mini bizar fita. Har makon jiya jakar kayan wasan da ya bar mini tana bayan motata, kuma na san idan ba a samu mai karɓarta ba, ƙungiyarsa ta mutu.

Shi ya kawo mana besbol, wasan da ya koyo a Japan lokacin karatu. Mun sha masa dariya. Ƙato da shi, ya riƙe sanda kamar mai korar awaki! Bai kula mu ba. Ya samo fili tsakanin rumbunan kaya a Al-Sulay, ya riƙa tara yaranmu maza da mata duk Juma'a bayan la'asar. Iyaye muka zama ƴan sa kai, wani ya kawo ruwa, wani ya share tsakuwa, ni kuma mai ɗaure ciwo.

Dokarsa ɗaya ce, ba Larabci a cikin fili, don “yalla” da “khalas” sun cinye bakin yaran. Tashoshi ukun da ake zagayawa ya sa musu Zariya, Kano da Katsina. Ta huɗun, inda ake komowa a ci maki, ya ce sunanta gida.

Ranar da Hajiya Balaraba, wata ma'aikaciyar jinya, ta fara kawo ɗanta, sai ta ji ana ihun “Koma gida! Koma gida!” Ta tsaya tana laluben iƙama, katin izinin zama, a jaka, ta ɗauka korar baƙi ake yi. Tanimu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Daga baya ya ce mini, “Ka gani ko, Sabo? Mu kalmar tsoro take ba mu, su kuwa da gudu suke nufarta.”

Shi dai bai koma ba. Kullum “bana ce ta ƙarshe,” har ciwon zuciya ya ɗauke shi a wurin aiki.

Ban san me zai ce ba da ya ga yau. An gina rumbu a filin, muna raɓewa a wani kango a Gubaira. Yaran farko sun watse.

Juma'ar da ta wuce na shaida wa iyaye zan tafi. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai Rumaisa, babbar ƴar Tanimu, wadda aikin uwarta ya riƙe su a nan, ta buɗe motar ta ciro jakar. Yarinyar nan rabonta da Zariya, garinsu, tun tana goye. Ta fito da farar robar tasha ta huɗu, ta ajiye a ƙasa, ta taka ta da ƙafa don ta zauna.

“Baffa, ka tafi kawai,” ta ce da Hausarta mai kaurin Larabci. “Nan ne gida.”

Abin da ya rage na Tanimu ke nan, kuma ban san ko haka ya nufa ba. Na ce mata to. Na rufe bayan motar, ba komai a ciki.