Fallen da Ya Tafi da Daddawa

Littafin Turanci ɗaya tal muke da shi a firamaren ƙauyenmu, can gefen Bakura. An sha cewa an ware kuɗin littattafai, mu dai ko bango ba mu gani ba. Sai malaminmu ya sa reza ya farke littafin, ya raba mana falle-falle. Kowa ya yi mako da nasa, ran Litinin a yi musanya, don mu zagaye shi kafin jarrabawar shiga sakandare.

Ni na soke nawa a rufin ɗakin Inna. Ita kuwa daddawa take sayarwa. Takarda mai rubutun Larabci ko da wasa ba ta bari ta taɓa ƙasa, amma ta boko a wurinta abin ƙunshi ce. Ran kasuwa fallena ya bi wani mai saye.

"Ina fallenka?" in ji Malam.

"Ya ɓace, Malam."

Wallahi ba zan ambaci uwata gaban aji a yi mata dariya ba. Ya sa ƙarti huɗu suka miƙe ni bisa benci, ya zaro dorina. Na ƙirga sha biyu, daga nan lissafi ya ƙwace mini. Yana zabga yana ihu, "Aji guda ka cuta, ja'iri!" Rigata ta manne da jini. Na tsane shi a ranar, tsana ta gaske.

Yayana ya dawo daga gonar albasa a Bakolori, ya ɗaga rigata, ya ga bayana. Washegari ya ɗauki ƙotar fartanya, ya iske Malam yana rubutu a allo. Ji kake ƙwas! Hannun Malam na dama ya karye, alli ya yi tsalle. Ya ƙara mishi a haƙarƙari. Yara suka dira ta taga, suka tattake fallayen a cikin laka.

Aka kai Malam gida Maradun wajen mai ɗori, bai sake dawowa ba. Aka ce babu kuɗin ɗaukar wani.

Mun je Talata Mafara mun zauna jarrabawar. Ko mutum ɗaya bai ci Turanci ba. Har yau in na haɗu da 'yan ajinmu suna dakon buhuna a kasuwa, ni nake fara sunkuyar da kai.

Inna ta sha tambayata me na yi wa Malam. Har ta rasu ina ce mata surutu na yi.