Kawu da Cocin Garinmu

A duk unguwar Sa'alaba da ke Jidda, kawuna ne kaɗai Alhajin da ke alfahari da coci. Ya zo Umara tun yana saurayi, ya manta hanyar gida, amma bai manta cocin da ke kan dutsen garinmu ba. A ɗakinsa na sauka da na zo Jidda aikin tuƙi, na kuwa sha tarihin cocin nan har na ƙoshi.

Wai da 'yan mishan suka nemi fili, dagaci ya nuna musu ƙololuwar da ko awaki ba sa hawa, don su gaji su tafi. Suka yi godiya. Kakan Kawu, Musulmi, shi ya fasa musu baƙin dutse, aka tayar da bango mai kauri da tagogi sirara saboda sanyi. Ciki ba gunki, ba hoto, sai bencina da mumbari. Kawu yakan ce, "Kwashe bencinan, gyara alƙibla, ya zama masallaci, halas." Rufin kwanon kuwa, kowace damina sai iska ta kai shi ziyara ƙauyen da ke gindin dutse.

In muka wuce gidajen gilashin unguwar Abhur sai ya taɓe baki. "Wannan gida ne ko firji?"

Rannan bayan Juma'a ƙanena ya turo mini bidiyo. Shi ma ya ɗan zauna a Jidda, ya koyi manna tayil, aka kama shi ba iƙama, wato takardar zama, aka mayar da shi gida, inda nan take ya zama injiniya. Dattawan cocin suka ba shi gyara. Ya lulluɓe baƙin dutsen da tayil ruwan hoda, ya sa shuɗin gilashi, ya dasa dabinon roba a ƙofa.

Da Kawu ya ga bidiyon sai ya kira shi. "Kai yaro, wa ya aike ka ka taɓa mana coci?"

"Kawu, masu cocin sun yaba fa. Fasto har addu'a ya yi mini."

"Shi faston yaushe ya zo garin?"

Maƙwabcinmu, haifaffen Jidda, ya leƙa wayar ya ce, "Masha Allah, zauren biki ne?"

Kawu bai ci abinci ba ranar. Ya daɗe ba ya ɗaukar wayar mahaifiyarmu, tunda ita ta haifi injiniyan. Ni ma na samu rabona, don ni na nuna masa bidiyon.