Buhu Dala Takwas

Dako wahala ce, babu wani suna da za a ba shi. Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina ɗaukar buhu a magaza, wato sito, ta wani Alhaji mai sayen hatsi da wake a nan Damagaram, abin da na tara ciwon baya ne da wuyan da ba ya juyawa sai na juya da jikina duka. Mu goma sha ɗaya ne. Kamiyo, wato babbar motar kaya, ya zo daga ƙauye mu sauke, wani ya zo zai yi arewa mu loda. Buhu dala goma. Tun tiyar hatsi tana araha dala goma ne, tiya ta hau, ta sake hawa, buhu yana nan inda yake.

Ni ne babba a cikinsu, shi ya sa suke ce mini sarkin dako, sarautar da ba ta da ko tabarma. Da abin ya ishe mu suka tura ni wurin Alhaji. Na durƙusa na gaishe shi, na ce muna roƙon a mai da buhu dala goma sha biyar.

"Sarki," in ji shi, yana jan carbi, "wanda nake sayar wa hatsin nan zai ƙara mini ne don na ƙara muku?"

Na ce, "Alhaji, ni ban yi lakol ba, ba ni da boko, ban san wannan ba. Na dai san abin da nake kai wa gida ba ya kai mu sallar isha'i."

Ya ce mu yi haƙuri. Haƙuri! Mutumin da a shekarar ya ɗora bene a kan gidansa. Muka ajiye aiki, muka koma gindin dogon yaron da ke tsallaken hanya muka zauna, muna jiran ya aiko. Wa zai ɗaga masa buhun wake in ba mu ba? Haka muke faɗa wa juna.

Ranar da muka ajiye aikin, da yamma, baƙo ya sauka a gidana. Ɗan kawuna ne daga Dakusa, taubashina, ya girme ni da kaɗan. Daminar ta yi musu gardama, ko zangarniya ba su cika rumbu da ita ba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, mai ɗakina ta ƙara hannu a tukunya. A wurinmu ba a tambayar baƙon gida abin da ya kawo shi sai ya kwana uku, ban tambaya ba. Ni kuma kunya ta hana in gaya masa ba na aiki. Da kaka na je suna ƙauyen, na cika baki a gaban jama'a, na ce magazar Alhaji a hannuna take, ba a ɗaga buhu sai na ce. To yaya zan ce masa yanzu gindin itace nake wuni? Kullum da safe sai in fita kamar mai zuwa aiki.

Kwana na huɗu muna zaune kamiyo ya tsaya a bakin magaza. Muka gyara zama, muka ce yau Alhaji zai san mu. Sai ga mutane sun fito daga ciki, su wajen ashirin, ƴan cin rani, suka hau sauke kaya. Ba su ma iya ba, suna rungumar buhu kamar mai kama rago. Wani a cikinmu ya taɓa ni ya ce, "Sarki, wancan mai jar hula ba shi na gani a ƙofar gidanka ba?"

Shi ne.

Da magariba aka kawo tuwo zaure, ya wanke hannu yana fara'a.

"Kai bawana, ashe ƙarya kake yi mana a ƙauye? Na je fadarka ban ga sarki ba."

Na ce, "Wa ya kai ka can?"

"Ƙafata. A tasha na ji ana neman masu ƙarfi. Na ce musu ni ɗan'uwan sarkin dako ne, nan take suka ɗauke ni. Ka ga sunanka yana da amfani."

"Nawa ya ba ku buhu?"

"Dala takwas."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na gaya masa komai, har da gindin itacen. Na ce abincin ƴaƴana ya ɗauka, kuma ga shi yana cin ragowar a zaurena. Ban taɓa yi wa baƙo magana haka ba.

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Wallahi ban sani ba. Me ya hana ka faɗa mini?" Sannan ya ce, "Amma ko na sani, ƙanena, me zan yi? Mutum tara na baro, dusa suke dafawa. Kai dala goma ta yi maka kaɗan. Ni takwas ɗin nan ita ce tsakanina da bara. In na bari gobe, akwai talatin a tasha masu karɓar shida."

Da shi zan yi faɗa? Ni ma haka na shigo garin nan, da tabarma a kafaɗa, ban tambayi wanda na tarar nawa yake karɓa ba. Wanda ya kamata in shaƙe yana can bisa benensa. Bai rage mana ba, bai kore mu ba, bai ɗaga murya ba. Yunwar ƙauye kawai ya bari ta yi masa ciniki. Kuma za ka ji ana yabonsa a gari, wai ya ba mutum ashirin aiki inda da goma sha ɗaya ne. Ba wanda ya ce ashirin ɗin me suke kai wa gida.

Hatsin da ya rage mana a gida bai kai na kwana biyu ba, mai ɗakina ta nuna mini ƙwaryar.

Da safe na bi taubashina muka fita tare. Abokan aikina suna gindin dogon yaro, suka miƙe da suka hango ni, suna tsammanin wurinsu na nufa. Ban tsallaka hanyar ba. Na shiga magaza na tsaya a bayan mutanen ƙauye, da layi ya zo kaina na duƙa aka ɗora mini buhu a dala takwas.