Sharar da Zulkifilu Ya Yi

Ƙanina Zulkifilu tun yana yaro ba ya ƙaunar tarkace. Ka ajiye tsohon murfin tukunya, kafin ka juyo ya kai shi bola. Yanzu yana aiki a wani sito a Idu, in ya dawo gida Karshi kuma ya duƙufa a kan kwamfuta. Shi ke kula da wata manhaja ta kyauta, wadda kowa a duniya ke iya ɗauka ya yi aiki da ita, ko ya sa hannu a gyara. Aikinta aika saƙon gargaɗi zuwa wayoyi.

Akwai wani tsohon sashe a cikinta da ke tura saƙon tes zuwa ƙananan wayoyi masu madanni. Wai rubutunsa ya cukurkuɗe, ka gyara nan can ya ɓalle, kuma abokan aikinsa a kan manhajar, 'yan ƙasashen waje, sun dame shi a cire. Abin ya tsaya masa a rai.

"Yaya, ai ba haka kawai ake sharewa ba," ya ce mini. "Muna da ƙa'ida. Na sa sanarwa a shafinmu tun rani, duk mai amfani da shi ya yi magana. Ba wanda ya ce uffan."

"Da wane yare ka sa?"

"Turanci mana."

Haushi ya kama ni, amma na ƙyale shi, tunda ni doya nake sayarwa. Ya share, ya wuni yana fara'a kamar wanda aka cire wa ƙaya.

To, ƙungiyar manoman yankinmu da manhajar take aiki, shi kuwa gwanin bai sani ba. In an yi ruwa mai yawa a kan duwatsu, sai ta sanar da mutane kada su ƙetare rafi. Asibi, maƙwabciyata a kasuwa, gonarta a tsallaken rafin take, kuma ba ta fita sai ta duba 'yar wayarta mai ɗaure da roba. Kullum maganarta ɗaya: "In saƙo bai zo ba, ruwa bai zo ba."

Ranar Asabar da hantsi Zulkifilu ya biyo ta rumfata. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak. Babbar wayar da ya saya mini ta yi ƙara, saƙon asuba ne ya sake shigowa, na miƙa masa ya karanta: ruwa na tafe, kada kowa ya shiga rafi. Ya yi tsai da ido a kan saƙon, ya gane aikinsa.

Na ce, "Alhamdulillahi, yau Asibi ta huta. Nata ma ya shiga ke nan."

"Wace irin waya ce da ita?"

Na nuna masa tsawonta da yatsa. Sai ya yi wuf ya zaro wayarsa, tsoro ya kama ni.

Ya kira lambarta, ba ta shiga. Jikarta da ke tsare mata rumfa ta ce tun da safe Asibi ta duba wayar, ta ga shiru, ta ɗauki fartanya.