Nonon dare uku

In dai da raina, ba zan manta da ranar da muka je sa ranar auren ɗana muka dawo babu aure ba. Abin takaicin, ni na ƙulla abin da hannuna shekara ashirin kafin nan, don kawai ina son in yi barci.

Lokacin muna wani ƙauye kusa da Gagarawa, Turawa ba su daɗe da shigowa ba. Yaron ɗan farina ne, watansa goma sha tara. Da rana lafiya lau, ya sha kunu ya tafi wasa. Amma da dare, wayyo! Sai ya liƙe mini kamar kaska, in na zare nono ya tsala ihu har maƙwabta su farka. Ga damina, ga surfe, ga kai abinci gona. Na shafa maɗaci, ya tofar, ya goge da hannu ya ci gaba da sha. Na ce wallahi na gaji, a yaye shi ko bai cika shekara biyu ba.

Aka karɓo rubutun yaye wurin malam, aka kai shi gidan mahaifiyata a Maigatari kamar yadda ake yi. Ashe ƙanwata tana gidan, ta zo wankan jego da jaririnta namiji. Bayan mako biyu aka dawo mini da yaro ya yi ɓul-ɓul, ya manta da nono. Ban tambayi yadda aka yi ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, ina ni ina tambayar yadda ya kwana?

Ya girma, ya shiga fataucin kanwa. A Sule Tankarkar, inda ƙanwar tawa take aure, ya ga ’yarta ta uku. Ya so ta, ta so shi, dangi kowa ya yi murna. Da hannunsa ya gina ɗaki, ya ɗora jinka.

Ranar sa rana maza suna zaure, mu mata muna tsakar gida ana raba goro, ana tsokana. Sai ƙanwata ta kwashe da dariya ta ce, “Yaya, ai wannan surukin nawa ni na san wahalarsa. Dare uku yana kuka a Maigatari, Inna ta rasa yadda za ta yi, sai in ɗauko shi in ba shi nawa ya yi shiru.”

Na juyo na dube ta.

Na ce, “Kika ba shi me?”

“Nono mana. To mene ne? Ai da yayan yarinyar suka sha, ba da ita ba. Ita lokacin ko cikinta babu.”

“Innalillahi! Ke wace irin sakarya ce? Shekara ashirin kina riƙe da wannan magana?”

Ta dube ni, dariyar ta ɓace. Ta ce, “Kin taɓa tambayata?”

Aka kira liman daga zaure. Ta bayan zana ya yi wa ƙanwata tambaya biyu: yaron ya cika shekara biyu a lokacin? Nono ya shiga cikinsa? Da ya ji amsa sai ya ce, “Baiwar Allah, ɗanki ne. Duk wanda kika haifa, na gaba da na baya, ɗan’uwansa ne. Babu aure tsakaninsu har abada.”

Yarinyar ta faɗi tana birgima, mata suka rirriƙe ta. Shi kuwa bai yi kuka ba, da ma ya yi. A hanyar komawa ya jero da jakina, kansa a ƙasa, ya ce, “Wata nawa ya rage lokacin in cika shekara biyun?”

Na ce, “Biyar.”

Kafin mako ya bi ayari zuwa Damagaram, sai bayan shekara uku na sake ganinsa.

Na daɗe ina zagin ƙanwata, amma laifinta tausayi ne da rashin sani. Ni ce na kasa haƙurin wata biyar, kuma na kasa buɗe baki. Tun daga nan na gane kunyar da ke hana uwa tambaya a kan ɗanta ba mutunci ba ce. Yau duk yaron da aka dawo da shi daga yaye a gidanmu, a gaban kowa nake tsayar da wadda ta kawo shi, in ce ta faɗa mini duk abin da ya shiga bakinsa da wanda ya ba shi. Suna cewa tsohuwa ba ta da kunya. Eh, ba ni da ita.