Ƙoƙon Nono, Ƙoƙon Gero

Ni mai fura ce. Rumfata tana bakin titin da ya ratsa Mafara daga Gusau zuwa Sakkwato, benci biyu ne da tebur da kular ƙanƙara, amma direbobi sun san ta, har akwai masu wuce tasha su zo su tsaya gabana. Ba yabon kai ba, furata tana da kyau. Sai dai in za a faɗi gaskiya, rabin kyan nan ba nawa ba ne, na kindirmon Adda ne.

Adda Bafulatana ce, rugarsu tana can wajen Maradun. Ta girme ni nesa, shi ya sa nake ce mata Adda, ita kuwa tun ranar da muka fara ciniki ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Kaɗo. Ranar Talata ta kasuwa ba ta fashi, sauran ranaku kuma sai yadda hanya ta yi kyau. Kindirmonta in kin sa ludayi kin ɗebo, wurin yakan tsaya da raminsa, ba ruwa a ciki ba gari. Na taɓa gwada na wasu lokacin da ta yi ciwon ƙafa, wani direban babbar mota ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin, ya tambaye ni ko lafiya muke da mutuniyar tawa.

Siyasa ba ta dame ni ba, wannan fannin maigidana ne. Ma'aikaci ne a sakatariyar Bakura, kullum yana bisa mashin tsakanin can da nan, in ya dawo kuma rediyo na manne da kunnensa har tuwo ya huce. Shi ya fara kawo mini labarin za a canza kuɗi, yana murna kamar shi aka tambaya shawara.

Ya ce, “Wanga tsari na da kyau. In anka rage kuɗɗi hannun mutane, masu sayen ƙuri'a da ɓarayin daji duk sun shiga uku.”

Na ce, “Allah shi sa,” na ci gaba da kirɓin furata.

Muka kwashe tsofaffin takardun muka kai banki kamar yadda aka ce. Sababbin ne ba su fito ba. Layin banki ya miƙe har ya karya kwana, masu cirar kuɗi na bakin hanya suka rufe lemarsu, wanda ya buɗe kuwa sai ya yanki rabonsa mai tsoka kafin ya ba ki naki. Ni ciniki bai tsaya mini ba, don direbobi sun iya tiransifa, su sha su danna waya, in ji ƙararrawa a tawa. Kuɗi na taruwa a waya, lalitata kuwa ko ƙwandala babu.

Ranar Talata Adda ta iso, ta sauke ƙwarya, ta zauna a gefen benci inda ta saba.

“Kaɗo, an kwana lahiya?”

“Lahiya lau, Adda. Ina gajiya?”

“Ba gajiya. Ina gida, ina ɗiya?”

“Lahiya lau suke. Ya hanya? Ya shanu?”

“Sun gode Allah. Ya haƙuri da rani?”

“Sai godiya.”

Da muka gama gaisuwa na ɗauko waya na nuna mata lambobin da ke ciki, na yi mata bayani dalla-dalla cewa kuɗinta na nan, sai dai ba su fitowa. Ta karɓi wayar ta juya bayanta ta duba, ta miƙo mini.

Ta ce, “Kaɗo, wanga abu aka tuƙawa a ci? Ni hatsi zan saya in kai gida. Ba ni da waya, ba ni da banki, ban kau iya karatun boko ba.”

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga kasuwa. Na wuni da sauran nonon da ya kwana, raina a jagule. Bayan la'asar sai ga ta, ƙwaryar a cike kamar yadda ta tafi, rana ta buge ta har nonon ya fara tsami. Kowa a kasuwa waya ya nuna mata. Ta zauna ba ta ce Kaɗo ba, ba ta yi tsokana ba, ta ce in haka garin ya koma ita ta daina zuwa, gara ta bar wa maruƙa nonon uwarsu da ta riƙa shan rana a banza.

Na ji tsoro ƙwarai. Da sana'ar nan nake ɗinka wa yara kayan makaranta, da ita nake fita kunyar biki da suna ba tare da na jira ƙarshen wata ba. In Adda ta tafi, na san masu tsayawa gabana za su ragu ɗaya bayan ɗaya. Bayan wannan kuma, na saba da matar, ba na son ranar Talata ta zo gefen bencin nan ba kowa.

Ina zaune ina kallon ƙwaryar sai na tuna gidanmu a Ruwan Gizo. Muna yara, matan ruga kan shigo da hantsi, mahaifiyata ta fito da gero a faifai. Ba a zancen kuɗi. Mai nono ta cika ƙoƙonta ta juye mana, a cika mata shi da gero a shafe bakin da tafin hannu, kowa ya kama gabansa. Furfure ake ce masa. Na yi shekaru ban ji kalmar a bakin kowa ba. Ni kuwa mai fura ai ba ta rabuwa da gero, akwai buhu a ɗaki, kuma mai hatsin da nake saye wurinsa yana karɓar tiransifa.

Na ce, “Adda, ko mu yi hurhure?”

Ta ɗago kai ta dube ni, sai ta fashe da dariya har tana dukan cinya. “Aradu Kaɗo kin tsuhwa! Ina kinka san wanga?”

Muka rufe rumfa muka nufi gida. Ta ciro ƙoƙonta daga cikin ƙwarya, wani ɗan baƙi da ya sha hannu har yana ƙyalli, muka zauna a tabarma muka yi ta ja. Ita ta ce a cika da tsororo, ni na ce a shafe, haka na ga ana yi a gidanmu. Ta ce Haɓe ba su taɓa cika mudu don Allah ba, na ce Fulani ba su taɓa cewa ya isa ba. Daga ƙarshe muka tsaya a kan ƙoƙon nono, ƙoƙon gero, a shafe baki. Muka sa Allah shaida. Ba wadda ta ce zuwa yaushe, ba wadda ta kawo zancen damina ko rani, don mu duka mun ɗauka abin na 'yan makonni ne. Ɗan kabu-kabun da ke kai ta gida na tura masa nasa ta waya, ta hau da ƙullin gero a cinya.

Kuɗi suka dawo hannun mutane, aka ce tsofaffin ma a ci gaba da karɓa. Na samu sababbin takardu masu ƙamshi na ajiye mata, ina jin kaina. Ta kalle su ta kawar da kai.

“Riƙe abinki. Jiya sun ce tsohuwar takarda ba kuɗɗi ba ta, yau sun ce kuɗɗi ta. Gero ba a taɓa ce man ya tashi aiki ba.”

Ban ja ba, don a lokacin duk ɗaya ne a wurina. Ba a jima ba aka cire tallafin mai. Maigidana ya ce wannan ma daidai ne, gwamnati ta cire hannunta ta bar kasuwa ta yanke farashi, wahalar ta ɗan lokaci ce. Bai yi wata yana faɗin haka ba ya jingine mashin ɗinsa a zaure, ya koma bin motar haya zuwa Bakura, su huɗu a kujerar mutum uku. Ni dai in ya dawo yana ɗingishi sai in tambaye shi ya kasuwa.

Amma dariyar ba ta daɗe a bakina ba. Kuɗin mota ya hau, gero ya bi shi, duk Talatar da na je wurin mai hatsi sai in tarar tiya ta ƙara tsada. Da shekara ta juyo aka shiga bazara, abin ya kai inda ban taɓa gani ba. Ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, nono ya yi yawa ya yi araha a kasuwa, ni kuwa ina auna gero mai tsadar tsiya ina ba da shi ƙoƙo da ƙoƙo. Na rage girman curin fura, direbobi suka fara tambayata ko ƙwan zabo na koma sayarwa.

Maigidana ya ce, “Gwamnati da girmanta ta cire tallahi, ke kin ɗora ma kanki naki. Ki gaya mata ku koma ga kuɗɗi, ai ba saɓo ba na.”

Maganarsa ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Na shirya abin da zan faɗa, na maimaita shi ina daka, na maimaita ina wanke kofuna. Adda ta zo, muka gaisa, na ɗauko buhu. Ina aunawa tana ba ni labari cewa iyalan ƙanin mijinta sun taso daga rugarsu saboda rashin kwanciyar hankali, sun sauka wurinsu, yanzu tukunya biyu take ɗorawa. Ba roƙo take ba, labari kawai take bayarwa, idonta na kan hannuna. Na cika, na shafe, na juye. Maganar da na shirya kuwa na fasa faɗinta. Rabi kunya ce, ga Allah da muka sa shaida, rabi kuma tsoron kada in taɓa abin ya watse gaba ɗaya. Haka muka ƙare daminar nan, riba ba ta fi ta sabulu da gishiri ba, amma rumfa ba ta rufe ba.

Daga baya sai abin ya juya. Aka ce gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci, damina kuma ta yi albarka, hatsi ya faɗo warwas. Maigidana yana da 'yar gona a Ruwan Gizo, ya sayi taki da tsada, ya tashi sayar da gero aka yi masa tayin da ya sa ya dawo gida ko sallama bai yi da ƙarfi ba. Ya ce wace irin gwamnati ce za ta zuba ido manomi ya karye. Na ce ai na ji an ce kasuwa ke yanke farashi. Ya ce in kawo mishi ruwa.

Ni kakata ta yanke saƙa, gero araha, ga rani ya shigo nono ya yi wuya, kindirmon da ake nema da kuɗi a hannu ni ina samunsa da ƙoƙon hatsin da bai kai rabin darajarsa ba. Na yi kwana biyu ina murna, sannan murnar ta koma fargaba. Wasu masu yin yogot daga Gusau suka fara zuwa da mota suna tare matan ruga tun a bakin gari, suna biya nan take da farashi mai kyau. Matan da suke tahowa tare da Adda duk suka koma can. Na san lissafin da na yi lokacin tsadar gero, ita ma tana da kai, kuma bakunan da take ciyarwa sun fi nawa.

Talatar da ta biyo baya na kasa zama. Hantsi ya yi ba ta zo ba, na leƙa titi ya fi a ƙirga, har na zuba wa wani fura ba sukari. Can sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya, ta sauko tana gyara ƙwarya, tana faɗan cewa tayarsu ce ta yi faci a hanya. Muka gaisa har ƙarshe, gida da ɗiya da shanu, ban gajarta ko ɗaya ba. Ta auna nono ta juye mini. Na jawo buhu, na cika ƙoƙon, na ƙara, na ƙara, har ya yi tsororo yana zuba ta gefe.

Na ce, “Adda, gero ya yi arha. Ko dai mu sake magana, ko in riƙa yi miki haka.”

Ta dubi ƙoƙon, ta dube ni. Ta sa tafin hannunta ta shafe bakin, geron ya zube cikin buhu.

“Kaɗo, da yay yi tsada kin rage man?”

Na ce, “A'a.”

“To mi na na surutu? Juye, rana na yi.”

Na juye mata, na sake cikawa. Na sunkuyar da kai don kada ta ga idona ta samu abin tsokanata har shekara.